Ranar da waya ta zare: nazarin wani direban USB da na rubuta wa kanel ɗin Linux

Aikin nan ya ci min kusan wata biyu, kuma ina so in zayyana shi dalla-dalla ne saboda yawancin abin da mutum zai karanta kan rubuta direban USB, wato ɗan shirin da ke sa kwamfuta ta iya magana da na'ura, yana tsayawa ne daidai inda na'ura ta fara amsawa, a ga bayanai na shigowa a ce shikenan an gama, alhali wallahi a wurin nan ne aikin yake farawa.

Na'urar wani ɗan akwati ne da ake ɗaure shi a jikin injin lantarki yana auna girgizarsa, yana turo alƙaluman ta USB. Kamfanin da ya ƙera ta manhajar Windows kawai ya bayar, ba takardar bayanin yadda ake magana da ita, mu kuma a wurin aiki ƙaramar kwamfuta muke amfani da ita mai Linux, kuma manhajar da ke tattara bayanan tun can an rubuta ta ne ta buɗe fayil a /dev ta yi read da poll. Zan faɗi gaskiya tun yanzu, mutum da yawa da ke irin wannan halin ba ya buƙatar shiga kanel, wato zuciyar Linux, ko kaɗan, libusb da ke ba manhaja damar magana da na'urar USB kai tsaye ta ishe shi, ya zauna a wajen kanel inda in ya yi kuskure manhajarsa kaɗai za ta mutu ba kwamfutar gaba ɗaya ba. Mu mun zaɓi kanel ne don kar a taɓa tsohuwar manhajar, kuma muna da niyyar daga baya mu haɗa na'urar da tsarin IIO da Linux ke da shi na na'urorin awo.

Abu na farko na soka ta na buga lsusb -v. Duk na'urar USB in ta shigo sai ta gabatar da kanta ta ƙofa mai lamba 0, ta miƙa bayit 18 da ke ɗauke da lambar kamfani da lambar kaya, idVendor da idProduct, sannan sauran bayanan su biyo, na tsarin ta, na fuskokin ta, na kowace ƙofa bayit 7. Tamu fuska ɗaya gare ta, ajinta 0xFF, ma'ana kamfani ya ce yarena nawa ne ni kaɗai, shi ya sa ba direban da ya kula ta. Da ta ce ita HID ce, irin su kibod, ko CDC, irin su modem, da tuni direbobin da ke cikin kanel sun karɓe ta. Gudun ta irin na USB 1.1 ne da ya fito a 1998, megabit 12 a daƙiƙa. Ƙofofi biyu ne ban da ta 0: 0x81 mai shigo da bayanai, irin wadda kwamfuta ke leƙawa a kan ƙa'ida, fakitin ta bayit 64 duk milisakan 1, sai 0x02 mai fita, irin ta jibgin kaya, ita ma 64. Wanda bai saba ba ya lura da wannan, a USB na'ura ba ta taɓa yin magana don raɗin kanta, kwamfuta ce ke tambaya kullum, in babu abin faɗa na'urar ta ce NAK a dawo anjima. Duk da sunan da aka sa wa ƙofa irin 0x81, wato interrupt, katsewa, yana sa mutum ya zaci na'urar ce ke katse kwamfuta, a'a, tambaya ce dai ake yi a kan lokaci.

Yaren nata kuma na same shi ne ta hanyar saurare. Na kunna Windows a kwamfutar cikin kwamfuta, na miƙa mata na'urar, a ainihin kwamfutar kuma na kunna usbmon, mai naɗar duk abin da ke wucewa ta USB, ina kallo da Wireshark, in danna abu ɗaya a manhajar su in duba me ya wuce. Kwana uku na gane umarnin farawa da na tsayawa suna tafiya ta ƙofar 0 da bmRequestType 0x40, tambayar sigar na'ura da 0xC0, teburin daidaita awo ta ƙofar 0x02, kuma kowane fakiti da ya shigo bayit biyun farkonsa ƙidaya ce da ke ƙaruwa ɗaya-ɗaya. Ƙidayar nan ta yi min rana daga baya.

Na ɗauki usb-skeleton.c da ke cikin drivers/usb na kanel, wanda Greg Kroah-Hartman ya fara rubutawa, na karanta shi sama-sama, kuma nan na fara ɓata rawa ta da tsalle, domin na ga abubuwa da yawa a ciki da na ɗauka ƙawa ce kawai na zubar da su don nawa ya zama gajere. Na rubuta struct usb_driver da probe, wanda kanel ke kira in na'ura ta shigo, da disconnect, wanda yake kira in ta fita, da teburin lambobi, na sa MODULE_DEVICE_TABLE don ya loda kansa in an soka na'urar, na kira usb_register_dev don fayil ya bayyana a /dev. Tsarin bayanan direban kuma na ware masa memori da devm_kzalloc, ina jin daɗi cewa kanel da kansa zai share min in an gama, ba ruwana da kfree. Ku riƙe wannan.

Matsaloli uku na farko ba su daɗe ba. Ta ɗaya, na yi u8 buf[8] a cikin probe na miƙa wa usb_control_msg, sai ya dawo min da -11 da gargaɗi a dmesg cewa ma'ajiyar tana kan sitak, wato ɗan wurin memori da aiki ke ajiye kayansa na wucin gadi. Dalili shi ne guntun da ke kula da USB a kwamfuta shi yake zuwa ya kwashi bayanai daga memori kai tsaye ta DMA, kuma tun kanel 4.9 sitak yana iya zama a shafukan da ba a jere suke ba a zahiri, don haka ba a ba shi adireshin sitak. Ko dai kmalloc, ko usb_control_msg_recv da aka shigo da shi a 5.10 wanda yake ware wurin ya kwafo maka da kansa. Na koma kansa.

Ta biyu ta fi ban haushi. In na tura tebur mai bayit 100 na'urar ta karɓa lafiya lau, in na tura mai 128 sai ta yi shiru kamar ba a yi mata magana ba, ba kuskure ba komai, URB, wato ƙunshin buƙatar da direba ke miƙawa don a tura ko a karɓo bayanai, ya dawo da 0 wai ya yi nasara. Na yi yini guda ina zargin abin da ke cikin teburin. Ashe lissafi ne: 100 tana rabuwa 64 da 36, kuma fakitin da bai cika ba shi ne alamar ƙarshen saƙo, ita kuwa 128 biyu ce cif, na'urar na zaune tana jiran ci gaba. Da na koma rikodin Wireshark sai ga wani URB mai tsawo 0 yana bin bayan na 128, wanda da farko na tsallake shi na ɗauka shara ce. Na sa URB_ZERO_PACKET a transfer_flags magana ta ƙare.

Ta uku ƙidayar nan ce ta tona ta, lambobi na tsalle, 411 sai 413. URB ɗaya nake amfani da shi, in ya dawo in kwashe in sake tura shi, kuma a ɗan tsakanin nan in zagayen milisakan ya zo ba a sami wanda ke jira ba fakiti ya tafi. Na mayar da su 8 suna layi, wanda ya dawo ya zuba kayansa a kfifo, wato ma'ajiyar da read ke ɗiba, ya koma ƙarshen layi. Tsalle ya tsaya. A nan na ce wa abokan aiki an gama, aka ɗaura a kan inji.

To inji dai girgiza yake yi, aikinsa ke nan, kuma abin da ban yi tunani ba shi ne girgizar da muke aunawa ita ce za ta dinga sassauta kan wayar. Kwana na biyu aka ce min kwamfutar ta daskare. Na duba log na ga oops, wato rahoton faɗuwar kanel, a cikin read na direba na, adireshin da ba shi da ma'ana. Na kunna ta, ta yi kwana ɗaya lafiya, ta sake faɗuwa, wannan karon a wani wuri can da ba ruwansa da USB sam, a ɓangaren fayiloli. Wannan shi ya fi tayar min da hankali, don in ka ga kanel na faɗuwa a wurare daban-daban to wani ne ke rubutu a memorin da ba tasa ba kuma, kuma ba a san barnar da ya riga ya yi ba kafin a gani.

Na gina kanel da KASAN, mai kama taɓa memori ba bisa ƙa'ida ba, da lockdep, mai sa ido kan makullai, a kwamfutar gwaji, na buɗe fayil ɗin da cat, na sa hannu na zare wayar. Nan take KASAN ya zubo rahoto, kuma abin da nake so da shi yana ba ka wurare uku: inda aka taɓa memorin, inda aka ware ta, da inda aka sake ta. An taɓa ta a read. An ware ta a probe. An sake ta a wurin da kanel ke share kayan devm bayan disconnect. Na jima ina kallon layukan nan uku.

Ga abin da ke faruwa. Tsarin bayanan direba mutum uku ne ke riƙe da shi kuma ba wanda ya san lokacin ɗan'uwansa. Akwai na'urar, wadda za ta iya ɓacewa a kowane lokaci. Akwai URB ɗin da ke kan hanya, da za su dawo su kira aikin kammalawa. Akwai kuma manhajar da ta buɗe fayil, wadda file->private_data ɗinta ke nuna tsarin nan, kuma tana iya riƙe fayil ɗin har gobe. Ita devm tana ɗaure rayuwar memori ne da na farkon kaɗai, da zarar an raba direba da fuskar na'ura ta share. Shi kuma usb_deregister_dev yana cire sunan daga /dev ya hana sabon buɗewa, amma wanda ya riga ya buɗe ba ya rufe masa. Don haka manhajar mu na barci a cikin read a kan layin jira da ke cikin tsarin, aka janye tabarmar daga ƙarƙashin ta, aka ba wani wurin, in ta motsa sai ta taka kayan mutane. Ba laifin devm ba ne, tana da kyau ga abin da ke mutuwa tare da na'ura, ni ne na ba ta abin da ya kamata ya fi na'urar tsawon rai. Sai a lokacin na koma usb-skeleton.c na ga kref ɗin da na zubar, wato ƙidayar masu riƙe da tsarin, na gane ashe shi ne ƙashin bayan fayil ɗin baki ɗaya.

Gyaran farko na yi shi da gaggawa kuma ya haifar da wata. Na koma kzalloc da kref, probe ya riƙe ɗaya, kowane open ya ƙara ɗaya, release ya rage, disconnect ya rage, wanda ya zo ƙarshe shi zai share, na kuma riƙe na'urar kanta da usb_get_dev. Wannan daidai ne. Amma na sa makulli ɗaya, mutex, da read ke kamawa tun daga shigowa har fita, har da lokacin da yake barci yana jiran bayanai, disconnect ma ya zo zai kama shi don ya sa alamar an tafi. Na zare waya, ba oops, na ji sanyi a raina, na mayar da wayar, shiru, fayil bai dawo ba. Na soka kibod a wannan hob ɗin, wato mahaɗar soket ɗin USB, shi ma bai tashi ba. Bayan minti biyu kanel ya buga saƙon nan na cewa wani aiki ya maƙale fiye da daƙiƙa 120. Read na jiran bayanai daga na'urar da ba ta nan yana riƙe da makulli, disconnect na jiran makullin don ya gaya masa na'urar ba ta nan. Kuma disconnect ba a gidansa yake gudu ba, ma'aikacin da ke kula da hob ne ke kiransa, to in ka tsayar da shi ka tsayar da duk wani shige da fice na wannan hob ɗin. Direba ɗaya na ƙaramar na'ura ya hana kibod aiki.

A nan na daina faci. Na ɗauki takarda na rubuta disconnect da farko, kafin komai, sannan na sa sauran direban ya bi abin da disconnect ke buƙata. Jerin da na tsaya a kai shi ne: a fara da usb_deregister_dev, domin usbcore, babban ɓangaren kanel mai kula da USB, na da makullinsa tsakanin wannan da open, in ya dawo ka tabbata ba wani sabon mai buɗewa da ke rabin hanya. Sai a sa alamar an tafi ƙarƙashin makulli, kuma makullin nan ba wanda aka yarda ya yi barcin jiran bayanai da shi a hannu, read zai sake shi kafin ya kwanta, in ya farka ya sake kamawa ya duba alama. Sai usb_poison_anchored_urbs, wanda ke kashe duk URB ɗin da na ɗaure a anka ɗaya kuma ya hana a sake tura su. Sai cancel_work_sync. Sai a tayar da duk masu barci, read ya dawo da -ENODEV, poll ya dawo da EPOLLHUP da EPOLLERR. Daga ƙarshe kref_put. Shi usbcore yana taimakawa, kafin ya kira disconnect yakan kashe URB ɗin da ke kan ƙofofin fuskar, amma bai san da aikin da na jinkirta ba, bai san da fayil ɗin da ke buɗe ba, waɗannan nawa ne.

Maganar aikin jinkiri ta taso ne daga aikin kammala URB, wanda shi ma sai da na sake shi. Wurin nan ba a barci a cikinsa, ba mutex, ba GFP_KERNEL, ba usb_kill_urb, sai spinlock da GFP_ATOMIC. Da can duk abin da ya dawo sai in sake turawa ba tare da duba status ba. Yanzu in na ga -ENOENT ko -ECONNRESET ko -ESHUTDOWN na san an kashe shi ne ko na'ura ta tafi, in bar shi ya kwanta. In -EPIPE ne ƙofar ce ta cije, maganin ta usb_clear_halt, shi kuma yana barci, dole a miƙa shi ga workqueue. Wanda ya fi ba ni aiki -EPROTO ne. Lokacin da waya ke rawa a soket, kafin hob ya farga cewa na'ura ta fita, URB suna dawowa da -EPROTO ko -EILSEQ, in ka sake turawa nan take su sake dawowa nan take, takwas ɗin nan suna juyawa, log ya cika. Kuma ba za ka ce daga ganin -EPROTO ɗaya an mutu ba, don hayaniyar lantarki kusa da inji ma tana iya jawo shi na'urar na nan daram. Abin da na yi, in ya zo a jinkirta kaɗan kafin a sake, a dinga ƙirgawa, in sun yi yawa a jere a tsaya a gaya wa manhaja da -EIO, in fakiti mai kyau ya shigo a mayar da ƙirgar sifili.

Wani abu da na gyara ba don ya cije ni ba sai don na tsorata: probe ɗina yana ɗaukar endpoint[0] da endpoint[1] kai tsaye don na san haka na'urar mu take. Amma lambar kamfani da ta kaya kowa na iya shirya ƙaramin guntu ya faɗe su, ya zo da fuska marar ƙofa ko ɗaya, direba ya karanta bayan ƙarshen jeri a cikin kanel. Tun 2014 da Karsten Nohl da Jakob Lell suka nuna BadUSB aka san na'ura na iya ƙarya kan ko ita wace ce, kuma Andrey Konovalov da manhajar gwaji ta syzkaller ya tono kurakurai masu yawa irin wannan a direbobin USB na Linux. Na koma usb_find_common_endpoints, in ba a sami ƙofofin da ake nema ba probe ya ce -ENODEV ya fita, kuma kowane fakiti ina duba actual_length kafin in taɓa bayit ɗinsa, lambobin kuma ta le16_to_cpu.

Gwaji na yi shi hawa biyu. Na rubuta ɗan sikirif da ke rubuta sunan fuskar a unbind da bind na /sys/bus/usb/drivers yana maimaitawa dare guda, manhajoji uku na buɗewa da karantawa da rufewa a lokaci ɗaya, KASAN da lockdep a kunne. Na kuma yi na'urar bogi da dummy_hcd da raw-gadget, wanda ya shiga kanel a 5.7, ina ba ta bayanan ƙarya in ga me probe zai yi. Amma unbind zarewa ce mai ladabi, ba ta kawo -EPROTO, don haka sai da na zauna da waya a hannu ina zarewa a hankali, ina karkata ta rabi a ciki rabi a waje, a nan ne na kama wani ƙaramin kuskure a ƙirgar da sikirif bai taɓa kaiwa gare shi ba.

Wani abin da na gano a hanya, ba sai an taɓa waya ake kiran disconnect ba. Direban da bai da suspend da resume, in kwamfuta za ta yi barci usbcore raba shi yake da na'urar, in ta farka ya sake kiran probe. Na ƙara su biyun, suspend ya tsayar da URB, resume ya sake tura umarnin farawa, da reset_resume don na'urar tana manta teburin ta in wuta ta yanke mata, sai direba ya ajiye kwafi ya sake tura mata.

Kanel bai sake faɗuwa ba tun daga nan, amma an taɓa tsohuwar manhajar da muka ce ba za a taɓa ba. In waya ta zare ta dawo, sabon probe sabon tsari yake ginawa, ko da sunan fayil ɗin a /dev ya dawo iri ɗaya, tsohon buɗin yana nuna wancan da ya mutu kuma -ENODEV zai ta ba shi har ya rufe. Na yi tunanin in sa direba ya dinga haɗa tsohon buɗi da sabuwar na'ura a ɓoye, na fasa, domin manhajar za ta ga alƙaluma na ci gaba ba ta san akwai rami a tsakiya ba, kuma a awon girgiza ramin nan shi kansa labari ne. Aka ƙara mata layuka kaɗan: in ta ga -ENODEV ta rubuta lokacin, ta rufe, ta jira udev ya dawo da sunan da muka ɗaure da lambar siriyal ɗin na'urar, ta sake buɗewa. Kan wayar kuma aka sa masa maɗauri. Abin da ya rage yanzu shi ne komawa IIO, kuma na riga na buɗe sabon fayil ɗin, aikin farko da ke cikinsa disconnect ne.